Na'urar maganaɗisu ta haɗa ƙashi, abin da na gani

Masu tambayata a inbox kan na'urar nan da nake ɗaurawa a ƙafa, ga bayani. Karaya na samu a ƙwauri, hatsarin babur, aka yi aiki aka sa ƙarfe amma watanni suka shuɗe duk hoton da aka ɗauka sai likita ya nuna min layin karayar yana nan baƙi ƙirin, ƙashin ya ƙi kamawa. Shi ya ce a gwada PEMF, wato wannan na'urar mai tura bugun maganaɗisu, kafin a yi maganar sake aiki, ɗan uwana ya aiko min daga Amurka, can tun 1979 hukumarsu ta kula da abinci da magunguna, FDA, ta amince da irin wannan magani ga ƙashin da ya ƙi haɗewa.

Abu ne kamar ɗamara mai batir, ka zagaya ta daidai kan karayar ko a kan filasta ma, tana tura bugun maganaɗisu cikin ƙashin don ta zaburar da ƙwayoyin da ke gina shi. Wallahi ba ka jin komai, ba zafi ba jan wuta, har na riƙa duba 'yar fitilarta ko tana aiki. Tawa awa 3 ce kullum, akwai masu awa 10, akwai ta minti 30. Wahalar kenan gaskiya, kullum ba fashi, ga zufa tana taruwa ƙarƙashinta lokacin zafi, ga caji in an ɗauke wuta, ni dai bayan isha'i nake sawa ina kwance.

A hankali hoto ya fara nuna farin abu kamar hazo yana cike gurbin, yanzu alhamdulillah na ajiye sanda ɗaya. Ban ce ita kaɗai ba ce, don likitan ya sa na bar sigari ƙarfi da yaji, kuma ya faɗa min ƙarara binciken da aka yi a kanta bai gama tsayawa ba.

Don Allah kar wani ya saya da kansa. Ba ta gyara ƙashin da ya karkace, ba ta cike rata mai faɗi, in ɗorin yana motsi asarar kuɗi ce kuma tsada gare ta sosai. Mai ciki da mai na'urar bugun zuciya su fara tambayar likitan ƙashi tukun.