Kafin ka shiga mota zuwa birni sayen rauta

Ƙorafin da na fi ji daga masu POS, malaman makaranta da masu shagon buga takardu irina a yankinmu, tsakanin Gaya da Dutse, guda ɗaya ne: waya ta haɗu da rauta, wato akwatin da ke raba intanet ta WiFi, alamar WiFi ta cika taf, amma ko saƙon WhatsApp ya ƙi tafiya. Da yawa sai su yanke cewa rautar ce ta mutu, su biya kuɗin mota zuwa Kano su sayo wata, ita ma ta zo ta yi musu irin ta farkon.

Alamar WiFi ɗin nan abu ɗaya take shaida maka, wato wayarka da akwatin suna jin juna a cikin ɗaki. Ba ruwanta da abin da ke tsakanin akwatin da ƙarfen sabis ɗin da ke can bakin titi. Kamar bututun da ya taso daga tanki zuwa famfo ne, yana iya zama lafiya ƙalau alhali tankin a bushe yake. Data ta ƙare, an rufe layi, sabis ya yi rauni, man injin da ke ba ƙarfen wuta ya ƙare, masu aikin titi sun datse wayar ƙarƙashin ƙasa, duk a waya kamanninsu ɗaya. A watan Maris na 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, rautocin mutane ras suke, intanet ɗin ne ya yi ta rarrafe. Shi ya sa ni abin da nake fara nema a na'ura shi ne ta iya nuna mini inda matsalar take, kuma ta bar ni in canza layi idan na ga dama.

Raba data daga waya ya ishi mai duba saƙo sau biyu a yini, amma batirin wayar ne zai biya kuɗin. Mifi, 'yar ƙaramar nan ta aljihu, ta matafiyi ce. Ka bar ta a caji dare da rana a zafin Afrilu, batirinta ya kumbura ya ɗaga murfi. Rauta mai 5G kuwa, MTN ya fara 5G a 2022, Airtel ya biyo baya a 2023, kuma birnin Kano na cikin inda aka fara, amma mu da 4G ma sai an leƙa taga, sayenta biyan kuɗin abin da bai iso ba ne. Starlink, intanet na tauraron ɗan Adam wanda ya shigo Najeriya a Janairun 2023, ba ya buƙatar ƙarfen sabis ko kaɗan, sai dai kuɗin kayansa, kuɗin wata da wutar da yake sha sun fi dacewa da asibiti ko makarantar da ke da sola mai ƙarfi. Rautocin da kamfanonin layi ke sayarwa da tambarinsu suna da sauƙin kuɗi, har da kyautar data, amma galibi a kulle suke, layinsu kaɗai suke karɓa. Ranar da ƙarfensu ya ɗauke, kai ma ka ɗauke.

Tawa ita ce buɗaɗɗiyar rautar 4G mai shan kowane layi, mai ramin ɗaura eriyar waje a bayanta, mai aiki da bolt 12. A cikinsu na fi sabawa da Huawei B315. Tsohuwar ƙira ce, na sani, kuma akwai waɗanda suka fi ta gudu a takarda, amma a ƙauye ba gudu ne ke fara ƙarewa ba, kamun sabis ne. Tana da ramukan eriya biyu, da ramukan waya guda huɗu na haɗa kwamfuta kai tsaye, kuma ba ta da batir a ciki da zai kumbura. TP-Link MR6400 ma ba laifi, eriyoyinta na kwancewa.

Maganar eriya ita ce rabin cinikin. Rufin kwano da katangar ƙasa mai kauri suna cinye sabis kafin ya iso ɗaki. Ka ɗaura eriya a dogon ƙarfe sama da rufi, ka fuskantar da ita wajen ƙarfen sabis, sau da yawa inda waya ke nuna sanda ɗaya sai ka ga rauta ta miƙe. Kada wayar eriyar ta yi tsawo, domin duk mitar da ka ƙara tana rage abin da eriyar ta kamo. Gara ka matso da rautar kusa da taga. Da damina, in hadari ya haɗo da walƙiya, ka zare ta.

Sai zancen zango, wanda mai shago ba zai taɓa ɗauko maka shi ba. Kowane kamfani yana da zangunan da yake watsa 4G a kansu. Masu ƙaramar lamba, 700 da 800, su ne ke tafiya nesa suna ratsa bango. 1800 da 2600 sun fi ɗaukar mutane da yawa amma ba sa nisa. Glo yana da 4G a kan 700, wanda a jikin kwali ake rubuta B28. MTN ya samu 800, wato B20, lokacin da ya sayi Visafone a 2016. Ga inda ake faɗawa rami: B315 ba guda ɗaya ba ce. Mai lamba s-22 a ƙarshe tana kama B20 amma ba ta kama B28, mai lamba s-607 kuma akasin haka. Suna ɗaya, kwali ɗaya. Ka juya ƙasanta ka karanta lambar kafin ka ciro kuɗi.

Abin da ya fi sa ni son irin wannan rauta shi ne shafinta na ciki. Ko babu intanet, ka rubuta 192.168.8.1 a burauza idan Huawei ce, shafin zai buɗe; na sauran kamfanoni yana rubuce a jikin takardar da ke ƙasan na'urar. A nan za ka ga ko ta gane sim ɗin, ko tana kan 4G ko ta zame ta koma 3G, da saƙonnin da kamfani ya turo na ƙarewar data. Akwai lamba da ake kira RSRP, mai auna ƙarfin sabis ɗin da rautar ke kamawa: in tana wajen -90 kana cikin daɗi, in ta gangara -110 ko ƙasa da haka, eriya kake buƙata, ba sabuwar rauta ba. A nan kuma ake gyara APN, sunan ƙofar da layi ke bi ya fita intanet. Na MTN shi ne web.gprs.mtnnigeria.net, na Glo gloflat, na Airtel internet.ng.airtel.com. Rautar da aka shigo da ita daga waje takan zo da na ƙasarsu, ta haɗu da waya lafiya amma ta ƙi buɗe komai. Mutanen Maigatari da sauran garuruwan bakin iyaka su ƙara da zaɓar kamfaninsu da hannu a shafin, kada ta laluɓo sabis ɗin Nijar ta maƙale a can. In duk wannan daidai ne amma intanet bai zo ba, cire sim ɗin ka sa a waya a wuri guda, ka danna *323# ka ga sauran data. Idan a wayar ma ya ƙi, rautarka ba ta da laifi.

Yanzu ga abin da ya fi komai ci mini rai. An taɓa sayar mini da rauta a wani shago a birni da sim a cikinta, mai shagon yana cewa, “Maigida, an riga an yi masa rajista, kunnawa kawai za ka yi.” Ta yi aiki na ɗan lokaci, rana ɗaya aka rufe layin, domin da sunan wani aka yi rajistar, wanda ban san shi ba kuma ba zan taɓa ganinsa ba. Datar da na zuba ta tafi da layin. Tun Disambar 2020 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta ce kowane layi sai an haɗa shi da NIN ɗin mai shi, wa'adin ƙarshe kuma ya cika a Satumbar 2024. Layin rauta bai fita daga wannan doka ba. Duk sim ɗin da ba kai ka je aka ɗauki hotonka da yatsunka ba, ka bar wa mai shago abinsa, ko kyauta ya ba ka.

Haka masu cewa suna da layin da data ba ta ƙarewa a kansa, ka biya sau ɗaya shi ke nan. Ƙarya ce. Ko tsarin da kamfanoni da kansu ke kira marar iyaka, yana da adadin da in ka kai shi za a rage maka gudu. Akwai masu nuna maka 5G a jikin kwali alhali 5GHz ne, zangon WiFi na cikin ɗaki, wanda ba shi da alaƙa da 5G na kamfanin layi. Akwai masu wanke ta hannu su sa a sabon kwali. Lambar shaidar na'ura, IMEI, mai alƙaluma 15 da ke kwalin dole ta yi daidai da ta jikin na'urar da ta shafin ciki, kuma a rubuta maka ita a rasit. Akwai masu rantsuwa cewa an buɗe ta, to ka je da layuka biyu na kamfanoni daban-daban, a sa kowanne a gabanka, ka buɗe bidiyo ya yi tafiya, kada ka yarda da fitila ta yi shuɗi kawai. Eriyar jabu ma ta cika kasuwa, roba ce fal da guntun waya a ciki. A gwada ta kana kallon lambar RSRP, in ba ta motsa ba ka ajiye. Akwatin nan da ake kira busta, wai mai ƙara sabis, NCC ta sha gargaɗi a kan amfani da shi ba da izini ba, domin yana dagula sabis ɗin maƙwabta.

Caja ma ana musanyawa. Ta asali ta B315 bolt 12 ce, amfiya 1, kuma an rubuta a jikinta. In aka ba ka marar ƙarfi, fitilun za su kama, WiFi zai fito, amma duk lokacin da rautar ta yunƙura ta yi magana da ƙarfe mai nisa sai ta yanke ko ta sake tashi, kai kuwa kana ta zagin kamfani. Masu sola kada su jona ta kai tsaye da batir, domin yana haura bolt 14 in yana caji da rana. A sayi ƙaramin akwatin ajiye wuta na rauta mai fitar da bolt 12 daidai, shi ma a sa mai shago ya zare shi daga soket a gabanka, a ga ko rautar za ta ci gaba da aiki.