Tikiti biyu na saya a Filadelfiya, ashe titi ɗaya ne

'Yata ce ta yi mana rajista ta intanet da wani kamfanin da ke zagayawa da baƙi a ƙafa cikin tsohon garin Filadelfiya. Ba zan faɗi sunansa ba, don irinsu suna da yawa a wajen kuma kusan duk tsarinsu ɗaya. Zagaye biyu suke sayarwa, kowanne da kuɗinsa: na safe a kan waɗanda suka kafa Amurka, na yamma a kan tarihin baƙar fata. Na ce ta ɗauki na safe kawai, ƙafata ba ta da wannan ƙarfin. Ta ce, "Baba, ka dai daure, in ka gaji sai mu zauna." Na daure, kuma da ban daure ba da na dawo da rabin labari ina tsammanin cikakke ne.

Jagoran safe saurayi ne mai fara'a, sanye da hular nan mai kusurwa uku da doguwar riga irin ta mutanen da. Ya iya bakinsa, wannan kam ba a ƙwace masa. Ya tsayar da mu gaban Independence Hall, ginin jan bulo inda aka amince da takardar ayyana 'yancin kai ranar 4 ga Yuli 1776, aka kuma sa hannu a kundin tsarin mulki a Satumbar 1787. Ya karanto mana layin takardar 'yancin kan da kowa ya sani, cewa an halicci dukkan mutane daidai, har da dafa ƙirji. Wasu cikin ayarinmu suka tafa. Ni ma maganar ta ratsa ni, don magana ce mai kyau, kuma a zamanin da sarakuna ke cewa mulki gadonsu ne daga sama, faɗinta sai mai ƙarfin hali.

Inda ya fara ɓata min rai shi ne wajen tambayoyi. Wata mata ta tambaye shi ko gaskiya ne Thomas Jefferson, wanda ya rubuta layin, yana da bayi. Ya ce e, amma ai mutumin zamaninsa ne, ya duba agogo, ya ce mu yi sauri kada layin kallon Ƙararrawar 'Yanci, tsohuwar ƙararrawar tarihi da ke kusa da ginin, ya yi tsawo. Shi ke nan. Mutumin da ya mallaki bayi sama da 600 a tsawon rayuwarsa, an gama da zancensa kafin in gyara zaman hulata. Labarin yadda ƙararrawar ta tsage kuwa ya ci kusan minti goma.

Ban ɗora wa yaron laifi sosai ba. Da gani abin da aka ba shi ya haddace ke nan, kuma ayarin ya yi masa yawa: mun haura talatin, babu abin ƙara sauti, in motar bas ta wuce sai dai ka ga bakinsa yana motsi. Wurin zama kuma babu a tsarin, wanda ke da ciwon gwiwa ya san da wannan.

Da yamma mu tara ne kacal. Jagorar dattijuwa ce, ba wata shigar wasa, sai jaka a kafaɗa da wasu takardu da ta sa a leda. Abin da ya fara ba ni mamaki, inda muka taru da safe nan muka sake taruwa. Ta kai mu wani fili a mahaɗar titin Market da titi na shida, taku kaɗan daga ƙofar da ake shiga kallon ƙararrawar. Da safe mun bi ta gefensa, ba wanda ya ce mana uffan. Nan ne gidan da George Washington ya zauna yana shugaban ƙasa daga 1790 zuwa 1797, lokacin Filadelfiya ce babban birni. An rushe gidan tuntuni, sai alamar bangaye da aka tayar, da wani gilashi da ake leƙa tsohon harsashin ginin ta cikinsa. A jikin wani dutse an sassaƙa sunaye tara, bayin da ya riƙe a gidan. Ta sa muka karanta su ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu suna ɗaya ne tilo, ba na uba: Moll, Austin, Giles, Paris, Hercules.

Nan ta yi bayanin da har yanzu yake min yawo a kai. Jihar Fensilbaniya ta yi doka a 1780 ta kawar da bauta sannu a hankali, kuma a cikinta an ce bawan da baƙo ya shigo da shi, in ya cika wata shida a jihar, yana iya neman 'yancinsa. Sai Washington ya riƙa fitar da bayinsa daga jihar kafin wata shidan ya cika, a kai su gonarsa ta Bajiniya ko a ɗan tsallaka da su iyaka, lissafi ya koma farko. Wato mutumin ya san dokar sarai, ya zauna ya ƙirga kwanaki. Wannan ne ya rushe min zancen "mutumin zamaninsa". Waɗanda suka yi dokar 1780 ai su ma mutanen zamanin ne.

Sai ta zaro wata takarda daga leda, kwafin tallar jarida ta 1796, ana cigiyar wata baiwa mai suna Oney Judge da ladan dala 10. Ita ce mai yi wa matar shugaban ƙasa hidima. Ta ji za a ba da ita kyautar aure ga jikar uwargidan, sai ta sulale ana cikin cin abincin dare, ta shiga jirgin ruwa zuwa Portsmouth a jihar New Hampshire. An bi sawunta, an lallashe ta, ta ƙi dawowa. A jihar ta rasu a 1848, cikin talauci, kuma a idon doka har ta mutu dukiyar wani ce. 'Yata ta riƙe takardar ta daɗe tana kallo. Jagorar ba ta hanzarta ta ba, abin da na yaba mata ke nan fiye da komai.

Daga nan komai na safe ya sake kama. Kundin tsarin mulkin da aka ambata mana da safe, ta nuna mana bai ambaci kalmar bawa ko sau ɗaya ba a rubutunsa na 1787, amma ya tanadi a ƙirga kowane bayi biyar a matsayin mutum uku wajen rabon kujerun majalisa. Bawan bai da ƙuri'a, amma kansa yana ƙara wa ubangidansa nauyi a majalisa. Ya kuma hana majalisa haramta shigo da bayi kafin 1808. Ƙararrawar ma, ashe sunan "Ƙararrawar 'Yanci" masu yaƙi da bauta ne suka raɗa mata a shekarun 1830, suna yi wa ƙasar gori da rubutun da ke jikinta. Saurayinmu na safe bai faɗi wannan ba, alhali shi ne mafi daɗin labarin.

Wani abin da ban taɓa sani ba shi ne hakki yana iya komawa baya. A 1838 Fensilbaniya ta sake kundinta ta rubuta cewa farar fata kaɗai ke zaɓe, ta ƙwace ƙuri'ar baƙaƙen da suke da ita a da. A shekarar ce kuma 'yan zanga-zanga suka ƙona Pennsylvania Hall, zauren da masu yaƙi da bauta suka gina, kwana uku da buɗe shi. Da aka gyara kundin ƙasa a 1870 aka ce launi ba zai hana namiji zaɓe ba, shekara ɗaya bayan haka aka harbe malamin makaranta baƙar fata Octavius Catto a kan titi ranar zaɓe, 10 ga Oktoba 1871. Sai a 2017 aka kafa masa mutum-mutumi a gaban zauren birni.

Zagayen yamman ma yana da nasa giɓin. Mata sun samu jimla biyu: cewa Susan B. Anthony ta tsaya gaban Independence Hall ranar 4 ga Yulin 1876 ta karanta takardar neman hakkin mata, kuma ƙuri'ar ba ta tabbata a kundin ƙasa ba sai 1920. 'Yan asalin ƙasar, mutanen Lenape da garin ke zaune kan ƙasarsu, ba a ambace su ba sai da na tambaya, sannan ta ce sai 1924 doka ta ba dukkan 'yan asalin Amurka shaidar zama 'yan ƙasa. Tafiyar kuma ta yi nisa, don mun gangara har cocin baƙar fata na Mother Bethel da limaminsu Richard Allen ya kafa a 1794, muka tarar an kusa rufewa. Wannan sakacin tsara lokaci ne na kamfanin.

Babban ƙorafina dai shi ne rabon da suka yi. Mutum talatin da 'yan kai sun tafi gida da labarin safe, mu tara muka ji sauran, kuma sai da muka sake biya. Ban ga dalilin da zai sa wanda ya zo jin yadda aka kafa ƙasar a wuce da shi ta gefen sunaye taran nan ba, tunda a ƙofar ƙararrawar suke. Na rubuta musu haka a takardar jin ra'ayi da suka turo.

In kuɗin zagaye ɗaya gare ka, ɗauki na yamma. Ƙararrawar kyauta ake kallonta, filin gidan Washington ma a buɗe yake, kana iya zuwa da safe da kanka kafin layi ya taru. Ka sa takalmi mara tsini, duwatsun wasu titunan ba su da daɗin takawa, ka kuma riƙe ruwanka, don a zagayen ba a tsayawa saye.