Gargaɗi: Na biya naira 85,000 aka sako min fawa saflai na jabu, ya ƙone min kwamfutar da nake neman abinci da ita

Kwana tara ke nan ina fara wannan rubutu ina gogewa, domin duk lokacin da na iso wurin faɗin kuɗin sai kunya ta rufe ni. Naira 85,000 na tura wa mutumin da ban taɓa gani ido da ido ba, na ƙara naira 6,000 kuɗin mota daga Legas zuwa Kano, a kan wani akwatin ƙarfe da aka manna masa takardar wani sanannen kamfani aka rubuta wat 750 a jikinsa, da sunan fawa saflai, wato na'urar da take raba wa kayan cikin kwamfuta wuta. Yanzu haka madabod ɗina, wato babban allon da ake jona dukkan kayan kwamfuta a kansa, ya ƙone, katin hotona mai sarrafa hoto da bidiyo ya ƙone, faifan da bidiyon bikin mutane yake ciki ba ya motsi, shi kuma mutumin ya toshe lambata. Na yanke shawarar in faɗa duk da kunyar, saboda da asubar yau na ga yana ci gaba da tallata irin kayan nan a wani zauren WhatsApp da sabuwar lamba.

Sana'ata tace bidiyon biki da suna da taron saukar karatu, kuma kwamfutar da nake aiki da ita ni na harhaɗa ta da hannuna. Furosesar, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta Intel ce, Core i5-12600K, wadda harafin K na ƙarshen sunanta yake nufin kamfani ya bar ta a buɗe don mai ita ya ƙara mata gudu, abin da masu harkar suke kira obakilok. Katin hoton kuma RTX 3060 Ti ne. Na ƙara wa furosesar gudu ne don in rage sa'o'in da nake zama ina jiran bidiyo ya fita, domin a lokacin bukukuwa aiki uku ko huɗu kan haɗu min a mako guda, kuma kowa yana son nasa jiya. Tsohon fawa saflai ɗina na wat 500 ne, ya fara kashe kwamfutar idan aiki ya yi nauyi, shi ya sa na shiga neman babba.

Ina so wanda zai karanta wannan ya san cewa ban sayi kayan nan da ka ba. Na zauna na yi lissafi. Intel da kansu sun rubuta cewa wannan furosesa tana kaiwa wat 150 idan ta ɗauki cikakken gudunta, kuma na san cewa wutar da furosesa take ci tana hawa da sauri fiye da yadda ake ƙara mata bolt: idan ka ɗaga bolt da kashi 10 cikin ɗari, cin wutar yana ƙaruwa da kusan kashi 21, tun kafin a lissafa ƙarin gudun kansa. Saboda haka na ware mata wat 200. Katin hoton wat 200 yake ci, kamfanin Nvidia kuma ya ba da shawarar fawa saflai na wat 600 ga kwamfutar da take ɗauke da shi. Na ƙara fankoki da faifai da sauran ƙananan kaya, jimillar ta tsaya kusa da wat 450. Wat 750 ya ishe ni har da rara mai yawa, kuma an fi son fawa saflai ya yi aiki a wajen rabin ƙarfinsa domin a nan ya fi rage asarar wuta da zafi. Na duba sunan samfurin a jerin kayan da suka samu shaidar 80 Plus, wadda ake ba fawa saflai mai ƙarancin asarar wuta, na same shi a matakin Gold, wato wanda yake isar da kashi 90 cikin ɗari na wutar da ya ja idan yana rabin lodi a gwajin bolt 115 na Amurka. Duk wannan na yi. Abin da ban yi ba shi ne tabbatar da cewa akwatin da za a sako min shi ne wanda sunansa yake cikin jerin.

A shagunan da na tambaya a Kano an ce min sabo dal na irin wannan ya haura naira 150,000. Shi kuma mutumin na Legas ya ce 95,000, saboda a cewarsa kwali kawai aka buɗe a Turai aka mayar da shi shago, ba a taɓa jona shi ba. Muka yi ciniki ya sauko 85,000. Farashin bai yi ƙasan da zai tsorata mutum ba, kuma yanzu na gane cewa da gangan ya ajiye shi a nan. Da ya ce 40,000 da ban ko amsa masa ba.

Kiran bidiyon da muka yi shi ne abin da ya hana ni barci. Na ce masa ba zan tura ko sisi ba sai na ga kayan, ya ce, "Yallaɓai, ai haka ya kamata, yanzun nan ma." Ya kira, ya ɗaga akwatin, ya juya shi ta kowane ɓangare, ya nuna min takardar garanti da ba a yaga ba a kan sukurun, ya nuna teburin da ke jikinsa inda aka rubuta amp 62 a layin bolt 12. Na lissafa a zuciyata, 62 sau 12 ya ba da 744, wato kusan dukkan ƙarfinsa yana kan layin da furosesa da katin hoto suke sha, kamar yadda na kirki yake. Na ce ya ɗora shi a sikeli, saboda na san na jabu ba su da nauyi, ya ɗora ba musu, na ga ya haura kilo ɗaya da rabi. Muna cikin haka aka kira sallar La'asar a bayansa, na ji kiran da kunnena, sai ya ce, "Ɗan'uwa, bari in je masallaci, in na dawo mu ƙarasa. Ni ma ɗan Arewa ne, neman halak ya kawo ni nan, wallahi ba zan ci amanarka ba." Ya katse kiran da kansa, bai matsa min in tura ba, bai ce wani yana jira zai saya ba. A cikin mintunan da ya ce yana masallaci na buɗe manhajar banki na tura masa naira 85,000 cif, kafin ma ya dawo. Na maimaita wannan wuri a kaina ya fi a ƙirga. Mutum ya bar ciniki ya tafi salla, ta yaya zan zarge shi? Da wannan ya kama ni, kuma wannan ne ya fi kuɗin ciwo a raina, cewa da sallar ya yi min tarko.

Kayan ya iso ranar Laraba, ko Alhamis, domin na tuna direban ya kira ni ina wajen ɗaukar wani kamu, sai washegari na je tasha na karɓa. Kafin nan ma akwai abin da ya kamata ya farkar da ni: sunan da ya fito a asusun da na tura kuɗin ba shi ne sunan da yake amfani da shi ba, ya ce na ƙaninsa ne mai tsaron shago. Wannan ya faru tun ranar kiran, ban yi masa tambaya ta biyu ba. Da na buɗe kwalin na ga wayoyin sun fi waɗanda na saba gani siranta, kuma akwai wani ɗan jan makunni a baya na sauya bolt 115 zuwa 230. Fawa saflai na zamani mai shaidar Gold ba ya zuwa da wannan makunni, saboda yana da da'irar da take daidaita kanta da wutar da ta shigo. Na san haka. Na gani, na tsaya, na tura masa hoto, ya amsa da saƙon murya cewa samfurin kasuwar Turai ne shi ya sa. Turai bolt 230 suke amfani da shi kamar mu, babu abin da zai sa su buƙaci makunnin, amma a lokacin aikin bikin yana kaina kuma na riga na biya, sai na karɓi maganarsa. A kiran bidiyon ban ga wannan makunni ba, domin wanda ya nuna min daban ne da wanda ya sako. Sai daga baya na koma hoton allon da na ɗauka lokacin kiran na gwada lambar siriyal, na ga ba ɗaya ba ce da ta akwatin da ke hannuna.

Kwana huɗu ya yi yana aiki. A rana ta biyu na buɗe manhajar da nake duba zafi da wuta, na ga layin bolt 12 yana sauka zuwa 11.1 duk lokacin da na fara fitar da bidiyo. Ƙa'idar ATX da aka daɗe ana ƙera fawa saflai a kanta ta yarda da gocewar kashi 5 cikin ɗari ne kawai, wato daga 11.4 zuwa 12.6, saboda haka abin da na gani ya fita daga iyaka. Na ɗora laifin a kan ƙarancin wutar unguwa, alhali kwamfutar tana bayan sitabilaiza da inbata, kuma shekara biyu suna riƙe da ita lafiya. A dare na huɗu, bidiyon ya kai wajen kashi 70, na ji ƙara kamar an fasa kwalba, allo ya yi baƙi, warin ƙonannen roba ya cika ɗakin. Fawa saflai na gaskiya yana da kariyar da take yanke wuta idan lodi ya wuce kima, ko bolt ya haura, ko waya ta haɗe, ya mutu shi kaɗai ya bar sauran kayan. Wannan bai yanke komai ba, ya tura wutar kai tsaye cikin madabod da katin hoto da faifan.

Washegari na kai shi wajen wani dattijon mai gyara a titin Beirut, wanda ya shekara da shekaru yana harkar. Ya kwance sukurori huɗu, ya ɗaga murfin, ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, zo ka gani da idonka." A gefe guda an ɗaure wani dunƙule da ruwan ɗorawar tef kamar naɗin waya, wayoyi biyu sun shiga cikinsa, da ya kankare tef ɗin sai ga siminti. Siminti aka zuba don ya yi nauyi a hannu da kan sikeli. A kan allon da'irar da ke cikinsa akwai ramuka da zanen wuraren da ya kamata a sa kayan tace wuta da na kariya daga tsawa, duk babu komai, an haɗe su da guntayen waya. Kafasitocin, wato 'yan gwangwanayen da suke riƙe wuta su daidaita ta, ba su da sunan kamfanin da aka sani, an rubuta digiri 85 a jikinsu, alhali na kirki suna zuwa da na digiri 105, yawanci na kamfanonin Japan irin su Nippon Chemi-Con da Rubycon da Nichicon. Biyu daga ciki sun kumbura sun fashe. Ya yanke ɗaya daga wayoyin katin hoto ya kusanto da maganaɗisu, wayar ta manne, wato ƙarfe ne aka shafa wa launin tagulla. Ta cikin wannan waya nake jan wutar da soket mai fil takwas aka yarda ya ɗauka har wat 150. Ya ce a ganinsa wannan allo ko wat 300 ba zai riƙe na tsawon sa'a ba. Kallon kitse na yi wa rogo, na biya naira 85,000 a kan siminti da tef.

Na tura wa wanda ya sayar min hotunan a nan cikin shagon. Da farko ya ce obakilok ɗin da na yi ne ya ƙona shi, kuma garanti ba ya ɗaukar wannan. Na amsa masa cewa wat 450 ba ya ƙona fawa saflai na wat 750, kuma obakilok ba ya zuba siminti a cikin akwati. Sai ya ce yaron shago ne ya yi kuskuren kwali, zai sako na gaskiyar idan na mayar da wannan na kuma tura naira 10,000 kuɗin mota. Na ƙi. A'a, kafin wannan ma ya kira ni sau ɗaya yana rantsuwa, da irin muryar nan tasa ta ranar La'asar, yana cewa in ji tsoron Allah kada in ɓata masa suna. Da yamma hotonsa ya ɓace, saƙona ya tsaya a alamar tik ɗaya.

Wasu abokai sun ce min araha ba ta ado, wasu sun ce me ya kai ni ƙara wa furosesa gudu. Ban yarda da ko ɗaya ba. Neman abu mai sauƙin kuɗi ba laifi ba ne ga wanda yake ciyar da iyali da wannan na'ura, kuma akwai fawa saflai na matakin Bronze na wat 650 daga kamfanonin kirki da zai riƙe kwamfutata lafiya a kuɗin da bai kai na Gold ba. Da na sayi irin wannan a shagon da zan iya komawa, da yanzu ina aiki. Kuskurena shi ne na amince da takardar da aka manna da muryar mutum. Tambarin 80 Plus kowa yana iya buga shi a na'urar buga takarda, kuma ko na gaskiyar ma yawan asarar wuta yake aunawa, ba ya ba da shaidar cewa akwai kariya a ciki.

Ina da hotunan hirarmu gaba ɗaya, da saƙonnin muryarsa guda bakwai, da rasit ɗin naira 85,000, da bidiyon simintin lokacin da ake kankare shi. Na kai ƙorafi banki kuma na shigar da rahoto wajen 'yan sanda, an ce in dakata da yaɗa lambar asusun har su gama nasu, amma hotunan cikin akwatin zan saka su gobe in Allah ya kai mu. Kada ku tura kuɗi kan kiran bidiyo. Ku karɓi lambar siriyal ku tabbatar da ita wajen kamfanin, ku gwada ta da ta akwatin da ya iso kafin ku jona, kuma idan kun ga jan makunni a baya ko bolt 12 ya sauka ƙasa da 11.4, ku zare shi nan take.

Uwar amarya ta kira ni sau uku tun jiya tana tambayar bidiyon 'yarta. Katin kyamara ɗaya na riga na goge shi bayan na kwafe, kuma abin da ke kansa, wato ɗaurin aure da wunin biki, yana cikin faifan da ya daina motsi. Mai gyaran ya ce zai nemo allon faifai irinsa ya gwada sauyawa ranar Asabar, kuma har yanzu ban faɗa mata abin da ya faru ba.