Jama'ar Sakkwato a yi hattara da mai sayar da "man wuƙa na Dubai"

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wallahi na daɗe ina juya maganar ga a raina, in rubuta ko in bari, don abin da kunya ace kai ɗan Sakkwato da ka tashi kana jin ƙarar guduma a maƙera kana wuce dukawa kullum, wani ya zo ya yi maka wayo kan wuƙa da kube. Amma jiya na ga wani abokina ya ɗora hoton kwalbar man wuƙar nan a WhatsApp shina tambaya ko akwai wanda ya taɓa gwadawa, sai na ce a'a shiru ya ƙare, tunda layya ta matso kuma yanzu ne kowa ke jawo wuƙaƙenshi daga inda ya jefa su tun bara.

Mutumin matashi ne, ba zai wuce shekara 30 ba, tsaf-tsaf da shi, baki kamar an shafa mishi zuma. Bisa mashin yake yawo da wata baƙar jaka a baya, in ka gan shi sai ka ɗauka ɗan kabu-kabu ne, kuma shina talla a Facebook da gurup-gurup na WhatsApp. Ban sa suna ba don sunan da ya faɗa min daban, wanda ya fito a asusun da na tura kuɗi daban, wanda ya faɗa ma maƙwabcinmu shi ma daban, kada in je in ɗora ma wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Amma kayan nashi ba su ɓoyuwa. 'Yar kwalba ce ta roba irin ta maganin tari, an liƙa mata takarda mai hoton takobi da rubutun Larabci da na boko, ba lambar hukuma ba adireshi ba ranar lalacewa, ruwan ciki ja-ja ne haka da mai shina yawo a sama, sai ya girgiza kafin ya buɗe. Cewa yake daga Dubai ake kawo mishi, wai aiki uku yake yi, ya cire tsatsa ga ƙarfe, ya sa ƙota ta yi ƙyalli, ya tausasa fatar kube. Naira 3,500 kwalba. In kuma ba ka son wahala ka ba shi wuƙar da 5,000 ya tafi da ita ya wanke ya wasa ya gyara kube, bayan kwana uku ya maido.

Kuma fa gaskiya in ya yi gwaji gabanka sai ka yarda. A majalisarmu ya same mu bayan la'asar, ya ciro wata tsohuwar wuƙa da ta yi jawur, ya tsoma tsumma ya goga, kafin mai shayi ya juye na biyu tsatsa ta tafi ƙarfe ya fito fari. Duk munka yi ta kabbara. Ba wanda ya lura cikinmu cewa da leda ya naɗe hannunshi kafin ya taɓa tsumman, sai daga baya na tuna.

To ni ina da wuƙar Baba, Allah ya jiƙan shi. Ita yake yanka ragon layya da ita tun muna yara. Maƙerin gida ne ya ƙera ta da ƙarfen sifirin mota, ƙotar ta icen ƙirya ce har ta yi baƙi don riƙo, kuben kuma na jar fatar akuya ne, ɗinkin hannu, da ado na baƙi da tsanwa a baki. Wanda ya san fata ya san mi nake nufi. Fatar jar akuyar Sakkwato ce dauri fatake ke ɗauka su keta Sahara da ita har Arewacin Afirka, daga can ta shiga hannun Turawa sunka riƙa ce mata fatar Maroko alhali daga nan ta fito. Da bagaruwa ake jeme ta a rina ja da karan dafi. Kuben Baba ya fi ni shekaru kuma bai taɓa tsagewa ba.

Laifina a nan, kuma ba zan ɓoye ba, bara da munka gama aikin nama na ɗauraye ta sama-sama na mayar cikin kube da ɗan danshinta na jefa cikin akwati, damina ta wuce a kanta. Da na buɗe sai ga tsatsa ɗigo-ɗigo. Inna ta ce in kai ma maƙera, na ce to, na yi ta cewa gobe. Sai ga wanga mutum ya zo har inda nake zaune. Na ba shi wuƙa da kube, na tura 5,000, na ƙara 3,500 na karɓi kwalba ɗaya don wuƙaƙen kicin.

Ni ya maido min, kwana huɗu. Tana walƙiya kamar ta kanti, kube shina sheƙi shina ƙamshin turare, da dare ne kuma ba wuta, na haska da waya na ce madalla har na yi mishi addu'a. Ya ce in bar ta cikin kuben kada in ciro sai ranar Sallah don man ya ratsa. Wannan maganar ku riƙe ta, duk wanda ya yi ma aiki haka yake ce mishi.

Kwana goma sha ɗaya tsakani Yayana ya zo ya ce in nuna mishi. Wuƙa ta ƙi fitowa. Da ƙyar munka jawo ta mu biyu, wallahi na ji kamar in zauna ƙasa. Tsatsar da ke jikinta ta ninka ta farko, kuma ba irin ta sama ba ce da ake gogewa, ramuka ne ƙanana ƙanana kamar ƙwari sun ci, bakin wuƙar ya yi wani shuɗi-shuɗi, ƙota tana girgiɗi. Yaya ya juya kuben ya duba ya dube ni ya ce, kai wanga ba kuben Baba ba ne.

Washegari na ɗauki komai har kwalbar na nufi Maƙera Assada wurin wani dattijo da Baba ke hulɗa da shi. Bai ce min komai ba da farko. Ya buɗe kwalbar ya kai kusa da hanci ya kau da kai, ya aiki yaro ya samo 'yar kanwa, ya ɗiga ruwan a kai, nan take ta kama tafasa tana kumfa. Ya ce ɗana ruwan batir ne wanga, an sirka shi da ruwa an zuba baƙin mai da turare don a kashe warin. Na ce Baba to ai na ga ya cire tsatsa da idona. Ya ce ƙwarai shina cirewa, ai asid ba ya tambaya, ya ci tsatsa ya ci ƙarfen da ke ƙarƙashinta, kuma in ba a wanke shi da ruwan kanwa an busar an shafa mai ba, ci gaba yake da ci. Ƙarfen da asid ya kware tsirara yake, ko iska mai danshi ta taɓa shi sai ya yi ja. Ga shi an cusa shi cikin kube an rufe, ruwan da ya gangara ya shiga ramin ƙota ya ci wutsiyar ƙarfen da ke ciki, shi ya sa take girgiɗi.

Shuɗin bakin kuma ya ce injin giranda ne anka ɗora ta a kai ba ruwa har ta yi zafi. Wuƙa ai ba siffa kaɗai ba ce, maƙeri sai ya gasa ƙarfe ya tsoma shi ya ba shi tauri daidai, to in baki ya sake ɗaukar zafi har ya canza launi wannan taurin ya tafi, ko ka wasa ta yi kaifi kana fara fiɗa za ta dakushe. Ya ɗauki magagari ya ja a bakin, ƙarfen ya riƙa zuba kamar na gwangwani. Ya girgiza kai ya ce Allah ya jiƙan mai ita.

Daga nan na wuce wurin dukawa da kuben. Badukun da na samu ko dubawa ta biyu bai yi ba. Ya ɓanɓare gefe ya nuna min, ciki yadi ne anka liƙa ma roba, irin wadda ake yi ma kujerar mota. Ya yanki ɗan ƙarami ya kanga ma ashana, ya narke shina ɗiga shina warin leda, ya ce fata ta gaskiya ba ta narkewa, ƙauri take yi irin na babbakar kai. Ya ɗiga ruwa a kai ruwan ya tsaya ya gangare, ya ɗiga bisa wata jemammiyar fata da ke gabanshi ta shanye. Ɗinkin ma na keke ne da zaren roba. Ashe ɓarawon ya duba launi da tsawo ya samo mai kama ya shafe shi da mai, na Baba kuma ya yi gaba da shi. Badukun ya ce tsohon aikin hannu irin wannan akwai masu nema su ba da kuɗi mai kyau, yanzu samun mai zaman yin shi sai an tona.

Na kira lamba a kashe. WhatsApp ya toshe ni. Shafin Facebook ɗin ya canza suna ya cire hotuna. Da na fara ba da labari sai ga mutane suna fitowa, ashe ba ni kaɗai ba ne, kowa kunya ta sa ya yi shiru. Wani cikin rundawa wuƙa huɗu ya ba shi har da babbar ta sara, shi ko ɗaya ba a maido mishi ba, kuma da su yake neman abinci. Wata gwaggonmu a Mabera kwalba ta saya ta goge wuƙaƙen girki da hannu tsirara, yatsunta sunka yi kwana suna zafi suna saɓa, zanen da ruwan ya ɗiga ma ya huje bayan wanki. Na ji an gan shi wajen Arkilla da Gidan Igwai, an kuma ce shina leƙa Kara inda ake cinikin dabbobi don ya san can masu wuƙa suke. Mun kai ƙara wurin hukuma mun ba da lambar asusun da hoton taransifa, muna jira.

Abin da ya fi ba ni haushi, da na tambayi dattijon nan to da mi ya kamata in yi tun farko, abin da ya lissafa duk akwai shi gidanmu. Tsatsa ta sama toka ce da ɗan ruwa da soson ƙarfe, ko a yanka lemun tsami a goga a wanke nan take, ba a barin shi ya kwana. A goge da busasshen tsumma a ɗan sa ta a rana minti kaɗan har ramin ƙota ya bushe, sannan a shafa mai siriri kamar ba a shafa ba. Tunda wuƙar nama ce man da ake ci za a sa, man kaɗe ko na gyaɗa, sai dai na gyaɗa in ya daɗe shina yin danƙo, a wanke kafin a yi aiki. Baƙin mai da kananzir a bar ma sarƙar mashin, ba su da haɗi da abin da za ya taɓa naman da iyali za su ci. Wasawa kuma dutse da ruwa a hankali, in dole sai inji to a riƙa tsomawa a ruwa kada ta yi zafi. Ƙotar icce ba a jiƙa ta cikin bokiti a tafi a bar ta, kumbura take ta bushe ta tsage, ita ma ɗan man kaɗe ya ishe ta musamman lokacin hunturu da iskar ga tamu ke busar da komai.

Kube shi ma badukun ya ce ba a wanke shi, a kakkaɓe ƙura a goge da tsumma mai ɗan laima, a murza man kaɗe kaɗan da yatsa a bar shi inuwa, zai ɗan ƙara duhu amma ba ya tsagewa. Rana ta watan Afrilu da ke haura digiri 40 ba wurin shanya fata ba ce. Kuma babban abin, wuƙa ba ta shekara cikin kube. Fata na riƙe danshi, bagaruwar da ke jikinta kuma in ta haɗu da ƙarfe mai laima baƙi suke yi dukkansu, ya ce ai da ƙarfe su ma suke haɗa baƙin rininsu. In ajiya ce mai tsawo a naɗe wuƙa cikin tsumma mai ɗan mai a aje daban, kube daban. Wannan ni ban taɓa sani ba, ashe shi ya sa Baba ke rataye kuben bisa ƙusa ita kuma wuƙar tana cikin wani tsohon rawani, mu muna ganin kamar rigima ce ta tsofaffi.

Wanda ya riga ya sayi kwalbar don Allah ya ɗauke ta daga inda yara ke kaiwa, ta yi kama da maganin tari sosai, kuma kada a juye cikin robar lemo. In ruwan kwalbar ya taɓa jiki a yi ta kwarara ruwa mai yawa, in ido ne a wanke a nufi asibiti ba jira. Wuƙar da anka riga anka shafa ma a ciro ta daga kube yau, a wanke da ruwan kanwa a ɗauraye a busar a sa mai, wataƙila a cece ta. Wanda kuma ya ga mutumin kada a taɓa shi kada a tara mishi jama'a, a ɗauki lambar mashin a sanar da 'yan sanda.

Wuƙar Baba tana can Maƙera Assada, dattijon ya ce zai cire ƙota ya rage bakin ya sake ba ta tauri, za ta ragu da kamar yatsa ɗaya a faɗi kuma ramukan ba duka za su ɓace ba. Kuben ne dai. In wani ya ga ana tallan tsohon jan kube mai adon baƙi da tsanwa, tsawonshi kamar kamu ɗaya, da wani ɗan faci na baƙar fata kusa da maratayi inda ɓera ya taɓa ci, don Allah ya yi min magana, zan biya ko nawa anka saya. Inna har yanzu ta ɗauka shina wurin gyara.