Yaya, kafin ku kama ɗaki a gindin Dutsen Kenya ku ji abun da na gani

Assalamu alaikum Yaya, ina gaisuwa, ya Hajiya da ƙafar tata, ya su Anti da yara. Na ga hotunan da ka turo na masaukan nan da kace in duba muku, to gaskiya na daɗe ina dariya ni kaɗai, don wancan na biyu da kace shi yafi kwanta maka a rai saboda araha, irin sa ne sak wanda muka kwana a ciki bara muka dawo muna cizon yatsa. Bari in yi maka bayanin a tsanake tunda sau uku kenan ina zuwa yankin, sau ɗaya da abokan aiki, sau biyu da kuɗin aljihuna.

Da farko dai shi Dutsen Kenya ba kamar Yankari bane da zaka shiga mota ka fara cin karo da dabbobi a fili. Dutse ne na gaske, tsayinsa mita 5,199, in ka cire Kilimanjaro babu wanda ya kai shi a Afirka, kaga Chappal Waddi namu na Gashaka da muke alfahari da shi mita 2,419 ne, wato ko rabi bai kai ba. Gindin dutsen kurmi ne mai duhu da gora, akwai giwa da ɓauna da wasu birai masu baƙi da fari a ciki amma ganinsu sai an yi sa'a, masu shiga gandun dutsen yawanci masu hawa ne, su bi ta Sirimon ko Naro Moru ko Chogoria su yi kwanaki suna haki. Ku da kuke son yara suga namun daji, wuri biyu ne naku: filayen Laikipiya da ke kusa da garin Nanyuki, musamman gandun Ol Pejeta, sai kuma gandun Aberdare ta ɓangaren Nyeri. Duk mai tallan masauki zai rubuta maka "kusa da Dutsen Kenya", alhali dutsen nan faɗi gare shi, mutum zai iya zama kusa da shi amma tsakaninsa da dabbar farko tafiyar awa biyu ce.

Daga Nairobi zuwa Nanyuki kusan kilomita 200 ne, awa uku zuwa huɗu in ba a samu cunkoso a hanyar Thika ba. Akwai ƙananan jirage daga filin Wilson amma kilo 15 kawai suke yarda mutum ya ɗauka kuma a jaka mai laushi, na san Anti ba zata yarda da wannan ba, mota kawai zamu bi.

To yanzu maganar tanti. Ni ma ranar da aka ce min a tanti zamu kwana abun da ya faɗo min a rai tantin Mina ne, katifu a jere kowa na takura kowa, nace wai da kuɗina zan je in kwana a ƙasa. Ashe ba haka bane. Tantin nasu ɗaki ne cikakke, an yi masa daɓe ko katako a ƙasa, an ɗora rufin ciyawa a sama, ciki ga gado babba ga tebur ga banɗaki da shawa da ruwan zafi, bangon ne kawai na tamfol kuma ƙofar zif ce. Kuma kar ka ɗauka tanti yafi ginin bulo sauƙin kuɗi, sau da yawa ma shi yafi tsada, don Turawa abun da suke biya kenan, su kwanta suna jin kukan kura kamar a bakin kunnensu. A cikin Ol Pejeta akwai Sweetwaters, tantunan sun fuskanci wani tafki da dabbobi ke zuwa shan ruwa, kana zaune a barandarka da shayi raƙumin dawa zai zo ya ware ƙafafu ya sunkuya, tsakaninku rami ne kawai da waya. Wannan zaman barandar shi ne rabin abun da ka biya.

Mu kuwa bara da muka ce zamu yi wayo, muka kama wani sansanin tanti a wajen gari, ba zan faɗi sunansa ba, hotonsa a intanet kamar gidan sarki, ga dutsen a bayansa fes. Kuɗin ɗaki kamar rabin na ciki. Da muka je sai muka tarar kuɗin na kwana ne da karin safe kawai, abincin rana da na dare daban, motar shiga daji daban, direba daban, sannan ga kuɗin get kowace rana, kuma daga wurin zuwa get ɗin kusan awa guda a hanya mai rami. Su dabbobin nan da sassafe suke yawo da kuma yamma lis, rana na ɗagawa kowa ya nemi inuwa, to kafin mu karya mu jira direba mu yi layi a get har hantsi ya dubi ludayi, muka yi ta zagaye muna kallon jakin dawa da gadu. Da yamma kuma daidai lokacin da abu ya fara daɗi direba yace mu juya kar a rufe get. Da na zauna na haɗa lissafi a rasit, abun da muka kashe ya kusa kamo na waɗanda suka kwana a ciki, su kuma sun ga zaki mu bamu gani ba. Ruwan zafin ma da itace ake hura shi a wani tanki, in baka tashi da wuri ba wasu sun kwashe, sola kuma sha ɗaya na dare ta mutu. Araha dai bata ado.

Don haka duk wanda zaka yi magana da shi ka sa ya rubuta maka a WhatsApp dalla dalla me ke cikin kuɗin. Suna da kalmominsu, "ful bod" shi ne kwana da abinci sau uku, "haf bod" babu na rana, wasu kuma suna haɗa har da fita kallon dabbobi sau biyu a rana. Farashin da kake gani a hoton nan na mutum ɗaya ne fa in su biyu zasu raba ɗaki, ba na ɗakin bane, wannan ya ruɗi mutanenmu da yawa, kuma in mutum shi kaɗai ne sai sun ƙara masa wani abu a kai. Ka tambayi shekarun yara ma, wasu wuraren basa karɓar ƙanana sosai saboda hayaniya na korar dabbobi, kuma tanti ɗaya ba lallai ya ɗauki ku biyar ba.

Wani abu da zai ɗan sosa maka rai, farashi a nan hawa hawa ne. Ɗan ƙasa da nasa, mai takardar zama irina da nasa, baƙo daga waje da nasa kuma da dala ake lissafa masa. Ni da kai uwa ɗaya uba ɗaya zamu tsaya a get ɗaya a karɓi kuɗi daban daban, ba kuma a roƙo, sai ka nuna takarda. Gandun gwamnati irin Aberdare da na dutsen hukumar kula da namun daji ta Kenya, wato KWS, ce ke riƙe da su, basa karɓar tsabar kuɗi a get, ta shafin gwamnati na eCitizen ake biya da M-Pesa, wato kuɗin waya, ko kati, tikitin kuma na awa 24 ne. Ol Pejeta ba na KWS bane, nasu tsarin daban kuɗinsu daban, shi yasa ma suke iya fita da mutane kallon dare da fitila. Gaskiya wannan tsari na biya ta waya ya burge ni, babu wanda zai ce maka a kawo na goro, ka biya saƙo ya shigo ka wuce.

A Ol Pejeta ɗin ne karkanda biyu da suka rage a duniya na irin fararen arewa suke, uwa da 'yarta, Najin da Fatu. Eh Fatu, ka gaya wa Fatun gidanmu tana da takwara mai ƙaho. Namijin ƙarshe sunansa Sudan, ya mutu a watan Maris 2018, yanzu masu gadi da bindiga ne ke tsaronsu dare da rana, ganinsu kusa kuma sai an biya na musamman an kama wuri tun da wuri.

Ɓangaren Aberdare kuma salon daban ne, kuma ina ganin shi zai fi dacewa da Hajiya in har ta yarda ta biyo ku, don babu jijjigar mota. Can masaukin ne ake ginawa a bakin tafki a tsakiyar kurmi, kusa da ƙasa mai gishiri da dabbobi ke zuwa lasa kamar yadda shanun Fulani ke lasar kanwa, kai kana sama a bayan gilashi ko a baranda su suna zuwa da ƙafarsu. Akwai The Ark da aka yi shi da siffar jirgin Annabi Nuhu, a nan har ƙararrawa suka sa a ɗakuna, in wata dabba ta zo cikin dare sai a danna, yawan bugun shi zai gaya maka ko giwa ce ko karkanda ko damisa, in baka so ka kashe taka ka yi barcinka. Ni ban kashe ba, ƙarfe biyun dare na fito da bargo a ka ina rawar ɗari na tarar da giwaye sun kai goma suna tonon ƙasa da haure, ga ɓauna a gefe tana harararsu, shiru kake ji sai numfashinsu. Ɗakunan ƙanana ne fa kamar na jirgin ruwa, kwana ɗaya ya isa, biyu ya yi yawa. Can kusa ne masaukin Treetops yake, inda Elizabeth ta kwana a watan Fabrairu 1952 a ɗakin da aka kafa kan itacen ɓaure, a daren mahaifinta ya rasu a Ingila ta sauko tana sarauniya, ko wane direba a Nyeri sai ya baka labarin nan ko baka tambaya ba. Gandun gaba ɗaya an kewaye shi da wayar lantarki mai tsawon kusan kilomita 400 da aka gama a 2009, don giwaye su daina shiga gonakin mutane.

Sanyi kuwa Yaya kar ka raina shi don kaji ance Nanyuki a kan layin da ya raba duniya biyu take. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 2,000, da rana lafiya lau amma da dare sanyin Gembu ne, a Aberdare ma ya fi. Masauki mai kyau zaka dawo daga cin abinci ka tarar an saka maka robar ruwan zafi a cikin bargo, ranar farko da ƙafata ta taɓa ta na daka tsalle na ɗauka wata dabba ce ta shige. Ku zo da rigunan sanyi na gaske da safa, alwalar asuba a wurin nan jarabawa ce. Sauro dai kaɗan ne.

Tunda na ambaci alwala, ku taho da buta, banɗakunansu takarda ce kawai. Alƙibla kuma a nan ba gabas bace, arewa ake fuskanta, ni sai da wani mai gadi ɗan Somaliya ya gyara min tsayuwa a zuwana na farko na riga na kalli inda rana ke fitowa abuna. Maganar abinci ka faɗa musu tun kafin ku zo cewa ku Musulmi ne, manyan wuraren sun saba da baƙi Larabawa da Indiyawa, zasu gaya maka inda suke sayen nama, amma a teburin karin safe akwai naman alade a jere da sauran kaya sai an lura, kuma kusan ko ina akwai wurin shan giya a gefen falo. In zuciyarka bata kwanta ba ga kifi ga ƙwai ga wake da capati, in mun shigo Nanyuki kuma akwai masallatai da gidajen abincin Somalawa, mu ci shinkafa da naman akuya mu more. Abincinsu ba yaji ko kaɗan, ugalin nan tuwon masara ne da aka hana miya.

Biran nan kuma halinsu ɗaya da na Wikki a Yankari, sun iya buɗe zif, in kun fita ku sa ɗan kwaɗo kuma kar a bar ko biskit a ciki. Da dare ba a fita daga tanti kai kaɗai, ana haska fitila mai gadi ya zo ya raka ka. Leda haramun ce a ƙasar tun 2017, robar ruwa ta yarwa ma an hana shiga da ita gandun daji tun 2020, to Anti ta juye kayanta a jakar yadi.

Lokaci kuma, daga Maris zuwa Mayu damina ce mai ƙarfi, farashi na sauka sosai amma hanya taɓo ce kuma dutsen zai iya kwana uku bai fito daga gajimare ba. Yuli zuwa Oktoba da hutun Kirsimeti nan ne tsada da cika. Janairu da Fabrairu sun fi min, sama tas, kuma ko a lokacin da sassafe ake ganin ƙololuwar, kafin ƙarfe tara ko goma ya lulluɓe.

In ni ne kai, kwana biyu a tanti a cikin Ol Pejeta, kwana ɗaya a bakin tafki a Aberdare, in kuɗin ya yi nauyi a rage kwana ɗaya amma dai a kwana a ciki. Wancan na biyun ka goge shi kawai. Ka turo min ranakun hutun yara da shekarun kowa in fara tambaya tun yanzu, kuma don Allah in zaku taho a sako min yaji da kuka da daddawa, nawa sun ƙare tun azumi.