Bazara Biyu da Wutar Sola a Gidana na Damagaram

A watan Agustan 2023, kwanaki kaɗan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, kuma da yake wutar Damagaram da Maraɗi ta layin Katsina take shigowa, mun ji abin a jikinmu sosai. Ba a maido da ita ba sai a watan Maris na 2024. A cikin wannan tsakanin ne na yanke shawarar saka sola a gidana, na kuma ba wani ƙaramin shago da ke kusa da Kasuwar Dole aikin. Yanzu da kayan suka ga bazara biyu da hunturu, ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi yadda na same su.

Abin da ya fara sa na amince da su shi ne sun ƙi yanka mini farashi a shago. Babbansu ya zo gidan da kansa da littafi a hannu, ya bi ɗaki ɗaki yana rubuta abin da muke kunnawa: firji ɗaya, fanka uku, ƙwan fitila takwas, talabijin, sai cajin wayoyi. Ya duba bayan firjin ya karanta yawan wutar da yake ci, ya tambayi sa'o'in da fankoki ke kwana suna juyawa. Da maiɗakina ta ambaci dutsen guga, sai ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri a bar shi da gawayi, ko kuma a yi guga da hantsi lokacin da rana ke da ƙarfi, kada a taɓa yi da dare." Daga wannan lissafi ya fitar da farantan sola huɗu masu wat 450 kowanne, da inbata (na'urar da ke juya wutar batiri ta zama irin wadda kayan gida ke amfani da ita), da batirin litiyom. Batirin shi kaɗai ya kusa cinye rabin kuɗin, har na so in koma wa batirin ruwa mai araha, amma ya bayyana mini cewa na ruwan ba a son a zuƙe shi fiye da rabi, kuma zafi irin namu yana saurin kashe shi. Na bi shawararsa, ban kuma yi nadama ba.

Aikin da suka yi a saman rufi ma abin yabo ne. Sun fuskantar da farantan kudu, suka ɗan kishingiɗar da su yadda ruwan sama zai gangara da datti, sannan suka ɗaga su daga kwano da ƙarafa domin iska ta riƙa ratsawa ta ƙarƙashi. Wannan tazarar tana da muhimmanci, domin ƙarfin da ake rubutawa a jikin faranti an auna shi ne a zafin digiri 25, kuma duk sa'ad da ya ƙara zafi wutar da yake bayarwa raguwa take yi, alhali mu a Afrilu da Mayu zafin inuwa ma yana wuce digiri 40. Sun ɗaure ƙarafan da kusoshi masu noti, ba da waya ba kamar yadda nake gani a wasu gidaje, shi ya sa iskar da ke zuwa gaban hadarin farkon damina ba ta ko girgiza su ba. Sun kuma kafa ƙarfe a ƙasa suka ja masa waya saboda tsawa.

Inda suka gaza shi ne wurin ajiye batiri da inbata. Saboda gudun jan waya mai tsawo, sun girke su a wani ɗan ɗakin ajiya mai rufin kwano wanda ba shi da taga. Da Afrilu ta shiga, inbatar ta fara ƙara tana mutuwa da tsakar rana, daidai lokacin da ake buƙatar fanka. Na buɗe ɗakin wata azahar na ɗora hannu a jikinta, sai da na janye da sauri. Na kira su har sau huɗu kafin su zo bayan kwana uku, kuma wannan jinkirin ya yi mini ciwo, domin mahaifiyata tsohuwa ce, zafi yana wahalar da ita ƙwarai. Da suka zo ba su yi gardama ba, sun mayar da kayan cikin zaurenmu na ƙasa mai sanyi, ba su karɓi ladan aiki ba sai kuɗin ƙarin waya. Duk da haka ina ganin mutanen da suka yi tunanin zafi a saman rufi bai kamata su manta da shi a cikin ɗaki ba. Takardar garanti ma sai da na matsa kafin aka rubuta mini.

Ƙura kuwa aikin mai gida ce, kuma sun faɗa mini tun ranar farko. A lokacin hazo, kwana huɗu sun isa farantan su yi fari fat, har in iya rubutu da yatsa a kansu, kuma a irin wannan rana batirin ba ya cika kafin la'asar. Ɗana yana hawa bayan sallar asuba, kafin gilashin ya ɗau zafi, da buta ɗaya da tsumma mai laushi, ba sabulu ba soso. A garin da ruwa ke da daraja kamar Damagaram, na ji daɗi da na ga buta ɗaya tana wadatarwa.

Wani maƙwabcina da yaransa ke kawo gorunan ruwa firjinmu da azumi ya nemi in haɗa shi da masu shagon. Na haɗa su, amma na ce masa kafin ya ba da ko dala ya nuna musu ɗakin da ya fi sanyi a gidansa ya ce nan za a ajiye batiri, ya kuma karɓi garantinsa a rubuce, da adadin kwanakin da za su zo idan ya kira.