Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Guangzhou a idon wanda barci ya ƙi

Tsakanin Kano da Guangzhou akwai ratar awa 7, kuma duk ɗan kasuwar da ya ce maka wannan ba komai ba ne, dauriya kawai yake nuna maka. Ƙarfe 10 na dare a can, ƙarfe 3 na rana ne a gida, jikinka na jiran la'asar ana ce masa ya kwanta. Ƙarfe 9 na safe kuwa, lokacin da masu kamfani suka baje samfur suna jiran ka yi tayi, a jikinka ƙarfe 2 ne na dare. A wannan yanayi na yi ta shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin, lokacin baje kolin Canton da ake yi a Afrilu da Oktoba tun 1957, kuma da wannan ma'auni nake auna shi: zai kai mutumin da kansa ya yi nauyi inda za shi ba tare da ya ɓata ba?

Yana kaiwa. Kowane layi da launinsa da lambarsa, allunan tasha da rubutun Sinanci da na boko, sanarwa kuma sau uku ake yinta, da Mandarin, da Kantonis, da Turanci. A saman ƙofa akwai taswirar layin, tana nuna tashar da aka baro da wadda ke tafe. Ko gyangyaɗi ya ɗauke ka, kana buɗe ido ka ɗaga kai ka san inda kake.

Daga filin jirgin sama na Baiyun layi na 3 ake hawa. Mai zuwa Xiaobei, unguwar da 'yan Afirka suka fi sauka, sai ya sauya zuwa layi na 2 a Jiahewanggang, ya sake sauyawa zuwa na 5 a babbar tashar jirgin ƙasa, tasha ɗaya ya iso. Da jaka ɗaya lafiya lau. Da akwatuna biyu da Ghana-must-go, gara ka nemi tasi a daren farko, domin tafiyar ƙafa tsakanin layi da layi tana da tsawo, ga binciken kaya a kowace mashiga: jaka ta bi ta na'ura, wani lokaci har robar ruwanka a duba.

Kuɗin kuwa ba abin magana ba ne. Yuan 2 ake farawa da shi, yana ƙaruwa gwargwadon nisa. Injin tikiti zai ba ka wani ɗan faifan roba zagayayye, ka dangwala shi a mashiga, ka jefa shi a rami in za ka fita. Ni dai katin Yang Cheng Tong na fi so, ka zuba masa kuɗi sau ɗaya ka huta da layin inji, yana kuma aiki a bas. Abokan tafiyata da Alipay suke biya ta waya, amma wayar da ta wuni tana ɗaukar hoton samfur ba ta da tabbas da yamma.

Inda za ka ji jiki shi ne safiya. Daga Xiaobei zuwa filin baje kolin a Pazhou sai ka bi layi na 5 zuwa Zhujiang New Town, ka kama na 3 zuwa Kecun, sannan na 8. Tasha biyun nan na layi na 3, tsakanin ƙarfe 8 da 9, cunkoson Kantin Kwari ana gobe Sallah ne aka zuba a cikin akwatin ƙarfe. Ba ka riƙe komai, jama'a ce ke riƙe da kai. Na ga wani dattijo ɗan Sin tsaye, idonsa a rufe, hannu ɗaya rataye da marikin sama, ɗayan da ledar ƙunshin karin kumallo, yana sharar barcinsa. Ana kiran Kecun ya buɗe ido ya fice abinsa.

Wannan cunkoso ne ma ya gyara min barci, ba wani magani ba. Tun da dai idona na bushewa kafin asuba, sai na daina juye-juye a gado. In na yi sallah in fito, in sha shayi a wajen masu abincin halal na unguwar, in ɗan taka cikin hasken safiya, in shiga jirgi kafin bakwai da rabi, da sauran wurin zama. Hasken rana shi ke saita agogon jiki, kuma mai zuwa gabas ya fi mai zuwa yamma shan wuya, don an gutsure masa yini ne. Da azahar barci zai zo maka da ƙarfinsa. Ka ba shi 'yan mintuna a kujera, kar ka koma otal, in ka kwanta sai magariba, daren kuma ya lalace. Ciniki mai nauyi kuwa, na kwantena, a kwanakin farko bayan azahar nake ajiye shi, lokacin da gari ya waye a Kano kaina ma ya waye.

Sai waya. Ƙarfe 6 na yamma a gida, sa'ar da yaran shago ke rufe lissafi kowa na son ya ji farashi, ƙarfe 1 ne na dare a Guangzhou. Wani abokin cinikina ya kira ni a irin wannan lokaci yana cewa, “Alhaji, ba dai har ka kwanta ba?” Tun daga nan nake kashe ƙarar waya, in amsa saƙonni da safe a cikin jirgi, don akwai sabis a ƙarƙashin ƙasar.

Ranar Juma'a layi na 2 zai sauke ka a Yuexiu Park, 'yar tafiya kaɗan ka isa masallacin Xianxian, inda ake danganta wani kabari da sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas. Abin lura ɗaya shi ne dare: jirgin ba ya kwana yana aiki, yawancin layuka kan tsaya kafin sha biyu, kuma kowace tasha na da lokacin jirginta na ƙarshe a rubuce. In mai kamfani ya gayyace ka cin abincin dare a wajen gari, ka duba wannan lokaci tun kana shiga tasha.